Sharhi: Wa ke gwada ma'aunin masu auna sararin samaniya?

A ranakun 10 da 11 ga watan Mayun 2024, guguwar rana mafi ƙarfi tun 2003 ta daki duniya. A Amurka taraktocin da ke bin GPS sun riƙa kauce wa layi ana tsakiyar shuka, har wasu manoma suka dakatar da aiki. Kafin nan, a Fabrairun 2022, wata guguwar da ba ta kai wannan ba ta kumbura iskar sama, Starlink ya yi asarar taurarin ɗan Adam 38 cikin 49 da ya harba. Duka abubuwan biyu sun faru ne a can saman da jirgi ba ya kaiwa, kuma kaso mai yawa na abin da aka sani game da wurin ya fito ne daga wasu manyan na'urorin rada ƴan ƙalilan.

Daga kimanin kilomita 60 zuwa 1,000 sama da ƙasa akwai shimfiɗar iska da hasken rana ke cika ta da ƙwayoyin lantarki, masana na kiranta ayonosfiya. Ita ce ke dawo da gajeren zangon rediyo ƙasa, ita ce kuma ke jinkirta saƙon GPS kafin ya iso wayar ɗan kabu-kabu a Maraɗi ko direban tasi a Burusel. Don a san yawan ƙwayoyin, rada na harba igiya mai ƙarfin miliyoyin wat, sai ta saurari ɗan abin da ya dawo. Gwargwadon yawan ƙwayoyin, gwargwadon ƙarfin amsar.

Matsalar ita ce ba sama kaɗai ke sauya ƙarfin amsar ba. Na'urar harbawa kan yi rauni, waya kan tsufa, zafi kan taɓa na'urar karɓa, dusar ƙanƙara kan kwanta bisa eriya. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi da tiyar da aka buga wa gindi ya san zancen: lissafi daidai, ma'auni ne ke ƙarya. Shi ya sa ake gwada radar da wani abu da aka riga aka tabbatar. Hanya mafi shahara ita ce ƙaramar na'urar da ake kira ayonosonde, wadda ke harba igiya tana ƙara mita har sai igiyar ta huda shimfiɗar ta wuce. Mitar ƙarshe da ta dawo ita ke ba da adadi kai tsaye: idan megahaz 10 ce, akwai ƙwayoyi kusan biliyan 1,240 a kowace mita kubik. Da wannan adadi ake saita babbar radar.

Akwai kuma gwajin alkibla. Tashar Jicamarca da ke kusa da Lima a Peru, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 1960, tana da ƙananan eriya 18,432 a fili mai kimanin mita 300 kowane gefe. Idan wani sashe ya yi jinkiri ko da ƙanƙani ne, sai a ɗauka abin da aka gani yana gabas alhali yana yamma. Don haka ake sauraron wasu wurare a samaniya da ke fitar da igiyar rediyo, waɗanda aka san matsayinsu sarai, irin su Hydra A. Wani abin burgewa: tun 1965 Amurka ta harba wata ƙwallon alminiyom mai suna LCS-1, ba inji a cikinta, aikinta kawai ta zama ma'aunin gwajin rada. Har yau tana kewaya duniya.

Wannan aiki ba ya kawo lambar yabo, kuma a ganina shi ne ke fara shan wuya idan kuɗi suka ja baya. Radar Arecibo ta rushe ranar 1 ga Disamban 2020, ba a sake gina ta ba. A 2025 gwamnatin Trump ta nemi a zabtare fiye da rabin kasafin NSF, hukumar da ke tallafa wa Jicamarca. Turawa na nasu ƙoƙarin da EISCAT_3D a arewacin Norwe, Suwidin da Finlan, sai dai wannan saman ƙuryar arewa take kallo. Hatsarin a nan shi ne, masana na bin diddigin yadda iskar can sama ke sanyi tana tsukewa sannu a hankali saboda hayaƙin kabon. Sauyi ne ƙarami da ke ɗaukar gomman shekaru, kuma ma'aunin da ya zame kaɗan zai iya ƙirƙiro shi ko ya ɓoye shi.

Ina ruwan Nijar? Layin tsakiya na maganaɗisun duniya ya ratsa Afirka ta Yamma ɗan kudu da iyakarmu. A wannan yanki, bayan faɗuwar rana, wasu manyan kumfa marasa ƙwayoyin lantarki kan taso cikin shimfiɗar su hargitsa saƙon taurari. Masanin ƙasar Peru Ronald Woodman da abokin aikinsa ne suka bayyana siffarsu a 1976 da bayanan Jicamarca. Hukumar ASECNA, mai makarantar EAMAC a Yamai, na gina tsarin da zai bai wa jirage damar sauka da taimakon taurari, kuma waɗannan kumfa na cikin manyan ƙalubalensa. Amma duk faɗin Afirka babu babbar rada irin ta Jicamarca ko ɗaya. Ayonosonde ta Wagadugu, wadda ta yi aiki daga 1966, ta tsaya a 1998.

Ma'ana, taswirorin da ake hasashen samanmu da su sun fi dogara da abin da aka auna a wasu nahiyoyi. Ba wanda ke tsammanin Nijar ta gina eriya 18,000 a halin da ake ciki. Amma ayonosonde guda da ƴan na'urorin karɓar GPS masu mita biyu a jami'o'in Yamai, Maraɗi ko Damagaram ba su fi ƙarfin haɗin gwiwa da ASECNA ba, muddin kasafin ya haɗa da albashin wanda zai riƙa gwada su duk shekara.