Ƙaro, Zafin Bazara da Mai Ciwon Sukari a Lakwaya

Ya 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya je hutu Lakwaya ko wani ƙauye na ƙasar Gwarzo da Kabo ya san yadda mai ciwon sukari ke fama. Ya biya kuɗin mota, ya sayo 'yan takardun gwajin jini da tsada, ya ajiye su a ɗakin kwano. A jikin kwalin an rubuta kada zafi ya wuce digiri 30, alhali kuwa a watan Afrilu zafin ƙasar Kano kan haura 40. To, awon da zai fito, wa zai amince da shi? Ga shi kuma da wannan awon ne tsoho zai san abin da zai ci da maganin da zai sha.

A bakin takardar nan akwai wani sinadari mai suna enzayim, wanda ake samu daga funfuna ko ƙwayoyin cuta. Idan ya gamu da sukarin jini sai ya haifar da ɗan ƙarfin lantarki, na'ura ta karanta. Leland Clark da Champ Lyons ne suka kawo wannan dabara a Amurka a 1962. Amma enzayim dangin farin ƙwai ne, zafi da laima na lalata shi. A 1964 Thomas Chang na Jami'ar McGill a Kanada ya nuna ana iya kulle shi cikin mitsitsin kafso mai ƙofofi, sukari ya shiga, shi kuwa ba halin fita. Sau da yawa wannan kullen na ƙara masa kwana. Har ma a 2010 masana a Grenoble ta Faransa sun dasa wa ɓera batir mai cin sukarin jikinsa, duk da taimakon enzayim da aka tsare wuri ɗaya.

Batirin ɓera ya jira tukuna. Abin da ya dame mu shi ne bangon kafson. Lokacin da kamfanin NCR ya fara irin wannan kafso a shekarun 1950, don takardar rasit marar kabon, ƙaro ya haɗa da jelatin. I, ƙaron nan na dakwara da ake tsinka a Jigawa da Yobe da Barno, wanda muke sayarwa ɗanye, buhu-buhu, malamanmu kuma suna zuba shi a tawada.

Ba mu ce aikin mai sauƙi ba ne. Ƙaro na narkewa a ruwa, sai an ɗaure shi da wani sinadari. Bango kuma in ya yi kauri, sukari zai makara wajen shiga, awo ya yi jinkiri. Wannan wahalar ce ta sa ya cancanci zama aikin kammala digiri, maimakon kwafar na bara da wasunmu ke yi. Muna roƙon malaman kimiyyar sinadarai na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello su ba ɗalibai wannan tambaya: kwana nawa enzayim zai yi cikin kafson ƙaro a zafin digiri 40? Gwajin kuma a yi shi a ɗakin kwano a Lakwaya cikin bazara, ba a ɗaki mai iyakwandishan ba.