Zumunta A Ƙafa Take, To In Hanya Ta Ƙi Fa?

Duk shekara idan azumi ya shiga goman ƙarshe, ko watan babbar sallah ya kama, akwai wata magana da ke tasowa a ɗakunan matasan ma'aurata waɗanda neman abinci ko karatu ya raba su da garuruwansu: shin bana za mu je gida, ko a nan za mu yi sallar? A da tambayar ba ta ma tasowa, domin tun ana jajibere tasha ta cika maƙil, kowa ya nufi inda aka binne cibiyarsa. Amma a gare mu mutanen 'Yandoto da Tsafe da Gusau da Bunguɗu, tambayar ta yi nauyi a shekarun nan, musamman ga mai ƙaramin yaro a hannu. Ra'ayina shi ne, magidancin da ya zauna da iyalinsa ya yi sallah a inda yake bai yanke zumunci ba, kuma bai cancanci gori ba, matuƙar dai ya tsaya ya haɗa wa ɗansa sallar da ta amsa sunanta.

Ni mutumin 'Yandoto ne, aiki ya zaunar da ni a Zariya tare da maiɗakina da 'yarmu mai shekara biyu da rabi. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Ummi muke ce mata. Daga Zariya zuwa gida ba wata tafiya ba ce: ka bi Funtuwa, ka wuce 'Yankara, ka shiga Tsafe, sai ga ka a gida kafin la'asar. Duk da haka tun da aka haifi yarinyar nan ba ta taɓa yin sallah a ɗakin kakarta ba, kuma na san ire-irenmu suna da yawa a Kano da Kaduna da Abuja.

Mai karatu, bari mu tuna abin da ya faru da hanyar nan. A ƙaramar sallar 2020 dokar korona ta hana zirga-zirga tsakanin jihohi. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako saboda yaƙi da 'yan bindiga, har ya zama mutum ba ya iya jin ko muryar mahaifiyarsa na tsawon makonni. A watan Yuli na 2022, mako guda bayan babbar sallah, masarautar 'Yandoton Daji ta naɗa Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani da sunan neman zaman lafiya, abin da ya sa gwamnan lokacin, Bello Matawalle, ya dakatar da sarkin. Kowane irin kallo mutum ya yi wa wannan naɗi, ya nuna inda tsoro ya kai jama'a. Sannan a ƙarshen watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, saura wata guda a yi layya. Ke nan ga tsoro, ga tsada, kowanne ya isa ya zaunar da mutum.

Sai kuma shi kansa yaron. Babba idan ta ɓaci a hanya yana iya gudu, yana iya laɓewa ya yi tsit. Ɗan shekara biyu bai san a yi shiru ba, bai san a jure ƙishi ba, ga uwarsa da goyo ba ta da ƙafar gudu. Ko da an sauka lafiya, zaman awanni a matse cikin mota da zafi da canjin ruwan sha sun isa su jawo zawo da zazzaɓi, balle a shekarun baya-bayan nan babbar sallah a cikin damina take faɗowa, lokacin da sauro ke cin karensa ba babbaka. Uban da ya auna wannan ya ce a dakata, amanar da Allah ya ba shi yake tsarewa.

Sai dai fa kada a ɗauka zaman ba shi da asara. Yana da ita, kuma mai ciwo ce. A gidanmu ranar sallah tun asuba tsakar gida ke ɗaukar hayaniya, wannan na tuƙa tuwo, waccan na ɗaura wa yara ɗankwali, kaka na zaune kan tabarma jikoki na layi suna karɓar goron sallah. Idan jika namiji ne ta ce ga angonta ya zo hannu rabbana, idan mace ce ta ce kishiya ta zo ƙwace mata miji, a yi ta dariya. A cikin wannan wasa ne yaro ke gane wane ne kawu, wace ce goggo, da wa ake wasa, wa ake durƙusa wa. Wannan karatu ba a yinsa a waya. A baƙon gari kuwa, da an sauko daga idi aka ci abinci, sai ɗaki ya yi shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Wadda ta fi kowa jin shirun nan ita ce uwar yaron. Ita kaɗai za ta gyara kayan ciki, ita kaɗai za ta tsaya kan suya, yaro na jan zanenta yana neman faɗa wa kasko, babu ƙanwa ko facala da za ta ce kawo shi in riƙe miki.

Abin takaici, ita ɗin ce kuma ake ɗora wa laifi. Da miji ya ce bana ba za su samu zuwa ba, sai ka ji ana ƙus-ƙus a dangi: ai matar ce ta hana shi, ta mallake shi, ba ta son ƙauye. Haba jama'a! Ita ma fa tana da uwa da uba da take marmarin gani. Wannan gori ya sa magidanta da dama sun ɗauki iyali sun hau hanyar da zuciyarsu ba ta kwanta da ita ba, don kawai kada a ce. Ni kam Allah ya saka wa mahaifiyata da alheri, domin ita ce ke fara kira ta ce: "Ku zamna inda kuke, ka gaishe min da takwarata, in da rai a ga juna." Kalmar nan guda ta fi min ragon layya. Ina roƙon iyayenmu su riƙa saurin furta ta, domin ɗa ba ya samun natsuwa sai ya ji ta daga bakinsu.

Ba ina kare kowa da kowa ba ne. Akwai wanda ya mai da matsalar tsaro mafaka: yana zuwa biki Kaduna, yana zuwa ɗaurin aure Kano, amma shekara uku bai leƙa gyatumarsa ba, bai aika ko turmin atamfa ba. Wannan ba hanya ce ta hana shi ba, zuciyarsa ce ta yi nisa.

Ga mai ganin sallah ba ta yiwuwa sai a mahaifa, ya tuna cewa idin farko a Musulunci a Madina aka yi shi, a shekara ta 2 bayan hijira, kuma da yawa daga waɗanda suka tsaya a sahu sun baro danginsu a Makka. Mutanen Madina ne suka zame musu 'yan uwa. Mu ma a nan, 'Yandoto ta yi suna ne tun kafin jihadi a matsayin garin malamai, inda almajirai ke zuwa daga nesa neman ilimi, har zuwa lokacin da Muhammadu Bello ya ci garin wajen 1806 mutanensa suka watsu. Gusau da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa ta bunƙasa da baƙi, musamman bayan isowar jirgin ƙasa. Waɗancan almajirai da fatake da ma'aikatan reluwe duk sun yi sallah nesa da gida, kuma kakanninmu ne suka aika musu da akushin tuwo. Yau juyi ya zo kanmu, mu ne baƙin. Ba abin kunya ba ne mu karɓi irin abin da gidajenmu suka saba bayarwa.

To yaya za a yi wa yaron sallah? Na farko, kada a ce ai ƙarami ne bai san komai ba. Ɗan shekara biyu ba zai riƙe ranar ba, amma yana riƙe ƙamshi da sauti da fuskar iyayensa. A ɗinka masa kaya ko da kala ɗaya ne, a yi wa yarinya kitso da lalle, uba ya saɓa ɗansa a kafaɗa zuwa idi ya ji kabbara. A dafa abincin gida, irin miyar da kaka ke yi, ko da maƙwabta shinkafa suka dafa. Na biyu, a nemo masa kaka a unguwa. Babu layin da ba shi da tsohuwar da jikokinta ke nesa, tana zaune ita ma da nata shirun. A kai mata tuwo da nama, a durƙusa a gaishe ta a gaban yaron, a bar ta ta tsokane shi. Mu haka muka yi, yanzu Ummi da ta ga an zuba abinci a kwano mai murfi sai ta nufi ƙofa tana kiran Hajiya. Na uku, a buɗe ƙofa ga yaran unguwa masu yawon sallah, a tanadi 'yan canji da alewa, domin hayaniyarsu ce ke mai da ɗaki gida.

Sannan a ba gida haƙƙinsa. A aika da kayan sallar iyaye tun da sauran kwanaki, a kira su da an sauko idi, a kara wa yaro wayar a kunne ko da gwaranci zai yi. A riƙa nuna masa hotunan dangi ana faɗa masa sunayensu. Kuma a sa ranar zuwa gida a wani lokacin da ba na cunkoso ba, a tambayi mutanen gari halin da hanya ke ciki, a yi tafiyar da rana tsaka. In tsohuwa na da ƙarfi, a ɗauko ta ta zo ta yi wata guda. Zumunta a ƙafa take, gaskiya ne, amma masu karin maganar ba su ce sai ranar sallah ba.

Maganin gaskiya dai yana hannun hukuma: a tsare hanya, a tsare ƙauyuka, har ya zama mai goyo ta hau mota daga Funtuwa zuwa Gusau ba tare da tana kallon daji tana salati ba. Kafin wannan rana, mu sassauta wa juna harshe. Allah ya zaunar da Zamfara da ƙasarmu lafiya, ya raya mana zuri'a, ya maimaita mana. Amin.