Laikipia: Makiyayar da Aka Kewaye da Waya

Sharhinmu na yau zai kai mu Laikipia, wani tudu mai yalwar ciyawa a gindin Dutsen Kenya.

A 1904 Turawan Ingila suka ƙulla yarjejeniya da makiyayan Masai, ta hannun jagoransu Olonana. Aka tashe su daga kwarin Naivasha da Nakuru, aka ce wa wani ɓangarensu ga Laikipia nan, taku ce muddin akwai sauran Masai a doron ƙasa. Shekara bakwai kacal alkawarin ya yi. A 1911 aka kawo wata takardar, aka ce su tattara su koma kudu.

Gwamnan da ya yi wannan aiki ba baƙonmu ba ne. Percy Girouard ne, wanda ya gaji Lugga a Arewacin Nijeriya daga 1907 zuwa 1909, ya kuma jagoranci aikin layin dogo na Baro zuwa Kano. A nan wurinmu ya tsaya kan cewa ƙasa ta jama'a ce, ba ta sayarwa ba. Da ya isa Kenya, inda Turawa 'yan kama-wuri-zauna ke da bakin magana, sai ya bi son ransu.

An kora garkunan ta tsaunukan Mau, cikin ruwa da sanyi. Shanu suka yi ta faɗuwa a hanya, mutane ma sun mutu, waɗanda suka isa kudu kuma suka tarar da cutar kaska tana jiran dabbobinsu. Masai ba su ɗauki mashi ba, lauya suka ɗauka. A 1913 kotu ta kori ƙarar, ta ce yarjejeniya ce tsakanin ƙasashe biyu, don haka ba huruminta ba ne. Daga 1919 aka shiga yanka wa tsofaffin sojojin Ingila filaye, waya ta zagaye mashaya da burtali.

'Yancin 1963 bai tsinke wayar ba. An sayar da wasu filayen ga kamfanonin manoma, aka yayyanka su ƙanana, manyan kuwa suka zauna yadda suke. Wasu sun zama gandun namun daji, irin su Ol Pejeta mai karkanda, kuma ba a raina aikin da suke yi wajen kare dabbobin ba.

Amma a farin 2017, makiyayan Samburu da Pokot sun tsinke shingaye sun tura shanunsu ciki. An yi asarar rayuka a kowane ɓangare, jami'an tsaro sun harbe shanu masu yawa. Kisa ba shi da uzuri. Sai dai ɗora laifin kan fari da 'yan siyasa kaɗai, kamar yadda aka yi ta yi, kauce wa tushen magana ne. Mutumin da saniyarsa ke mutuwa a bakin waya, yana hangen ɗanyar ciyawa a ciki, ya san tun yaushe aka kafa wayar, kuma har yau babu gwamnatin Kenya da ta zauna ta warware zancen 1911.