Lafiyarmu Jarinmu: Ka Fara Atisaye, Sikeli Ya Ce Ka Ƙara Nauyi?

A duk lokacin da aka shiga shirye-shiryen gasar wasanni ta gidaje, wato inta-haus, akwai tambayar da ba ma rasa samu. A wannan karon wata ɗaliba 'yar SS2 ce ta aiko da ita. Ta ce mako guda ke nan da aka sa ta cikin masu gudun mita 800, kullum tana fita atisaye da yamma, amma da ta hau sikeli sai ta ga ta ƙaru da kusan kilo 2. Ta ce ta fara rage shan ruwa, kuma ƙawarta ta yi mata alkawarin kawo mata shayin rage ƙiba.

Amsarmu a taƙaice: ƙanwarmu, wannan nauyin na ruwa ne, kuma rage shan ruwa shi ne abu mafi haɗari da za ki yi yanzu.

Mu fara da lissafi. Kafin jiki ya tara kitse kilo 1, sai mutum ya ci rarar abinci mai ƙarfin kalori kimanin 7,700 a kan abin da jikinsa ke ƙonawa. Kilo 2 ke nan kalori 15,400. A raba da kwana 7, ya zama rarar 2,200 kullum, wato kusan abincin yini guda cur a kan wanda aka saba ci. Wanda yake gudu kowace yamma da wuya ya yi irin wannan ci bai sani ba. Ruwa kuwa nauyinsa nan take yake bayyana: lita 1 kilo 1 ce. Ku gwada: ku hau sikeli, ku sha ruwan leda biyu, ku sake hawa. Za ku ga ƙarin kilo 1.

To me ya sa jiki ke riƙe ruwa idan an sauya motsa jiki? Dalili na farko shi ne tanadin makamashi. Shinkafa da tuwo da burodi da muke ci, jiki yana mayar da wani kaso ya zama wani sinadari da ake kira gilaikojin, ya ajiye a tsoka da hanta. Babban mutum yakan ajiye kimanin giram 500. Kowane giram ɗaya kuma yana tafiya da ruwa kimanin giram 3. Idan tsoka ta ga aiki ya ƙaru, sai ta ƙara yawan ajiyar, ruwan ma ya ƙaru.

Na biyu shi ne gyaran tsoka. Aikin da tsoka ba ta saba ba, kamar tsallen kwaɗo ko gudun hawa tudu, yana sa zaruruwanta su ɗan tsattsage ta yadda ido ba ya gani. Jiki sai ya tura ruwa da ƙwayoyin jini wurin don gyara. Shi ya sa cinya ke tsami, ciwon ya fi tsanani bayan kwana 1 zuwa 3, har hawa bene ya zama aiki. Wannan ɗan kumburi yakan lafa cikin kamar mako guda, tsokar kuma ta fi da ƙarfi.

Na uku, ruwan da ke cikin jini kansa yana ƙaruwa a kwanakin farko na atisayen gudu, musamman a yanayin zafi. Hakan yana taimaka wa zuciya ta harba jini sosai, jiki kuma ya samu zufar da zai sanyaya kansa. Ga kuma gishiri: abinci mai yawan dunƙule da taliyar leda suna sa jiki riƙe ruwa. Ɗalibai mata kuma su sani, kwanakin da ke gab da zuwan al'ada ma sukan ƙara nauyi na ɗan lokaci.

Ruwan kumburi zai tafi da kansa. Na gilaikojin da na jini kuwa za su zauna muddin kuna atisaye, kuma su ne za su kai ku ƙarshen tsere ba ku sare ba. Kar ku manta kuma, a shekarunku tsayi da ƙashi na ƙaruwa, don haka nauyi ya ɗan haura daga zango zuwa zango abu ne da ake sa ran gani.

Shawararmu ita ce ku sha ruwa kafin atisaye da bayansa, ku riƙa duba launin fitsari: idan ya yi duhu, ruwa bai wadata ba. Ku guji shayin rage ƙiba da ƙwayoyin sa fitsari, domin ruwa da gishirin jiki suke zubarwa, suna iya jawo jiri, suma a fili, ko cutar da ƙoda. Masu sikila su fi kowa kiyayewa, saboda ƙarancin ruwa na tayar da ciwon. Su sanar da malamin wasanni tun kafin a fara. Idan za ku auna nauyi, sau ɗaya a mako ya isa, da safe kafin karin kumallo, a kan sikeli ɗaya.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan fuska ko ƙafafu suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko fitsari ya koma launin baƙin shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani, a daina atisaye a gaya wa iyaye ko malami, a tafi asibiti a ranar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na minti 60 a kullum. Saboda haka ƙanwarmu, ki koma fili da gorar ruwanki. Ki auna ci gabanki da agogon malamin wasanni: a minti nawa kika gama mita 800 makon jiya, a minti nawa yau? Muna jiran labarin sakamakon gasar. Sai mako mai zuwa.