Mu Ɗauki 'Yan Kamanmu Kafin Su Ƙare

Yaushe rabon da ku ga ɗan kama ya tara jama'a a kasuwar Tambuwal ko ta Kebbe? Da muka zo hutu, iyayenmu sun ba mu labarin yadda ɗan kama kan ɗauki waƙar babban mawaƙi ya juye ta ta koma ta tuwo da miya da nama, mutane na riƙe ciki don dariya. Muka ce a nuna mana. Babu hoto, babu kaset, sai labari.

Amurka ma ta kusa yin irin wannan asara. A can a da akwai wasan dandali da ake kira vaudeville, inda masu barkwanci da mawaƙa da masu rawa ke fitowa bi da bi, suna yawo gari gari. A shekarar 1926 kamfanin Warner Bros. ya fito da Vitaphone, wata dabara ta haɗa fim da sauti. Ana naɗar murya a faifan garmaho daban, sai a kunna shi tare da majigi. Daga nan aka riƙa kiran masu wasan, a tsayar da su gaban kyamara su yi abin da suka saba, na kamar minti goma. Haka aka ɗauki George Burns da matarsa Gracie Allen a 1929, cikin gajeren fim mai suna Lambchops. Ba a jima ba sinima da rediyo suka janye 'yan kallon vaudeville, amma har gobe ana iya kallon waɗannan mutane a yi dariya.

Sai dai an yi sakaci. Faifai da yawa sun rabu da finafinansu, ga hoton mutum yana motsa baki, babu murya. A 1991 wasu masu sha'awar tarihi suka kafa Vitaphone Project, suna bin masu ajiyar tsofaffin faifai don a mayar wa kowane fim muryarsa.

To mu fa? Wayar da ke gidajenmu tana ɗaukar hoto da murya lokaci guda, abin da kamfanin Warner ya kashe maƙudan kuɗi a kansa. Idan kun ci karo da ɗan kama ko 'yan gambara, ko yaran unguwa sun fito tashe da azumi, ku ari wayar yaya ko ta baba. Ku fara neman izinin mai wasan, don sana'arsa ce. Ku ɗauka daga farko har ƙarshe, ba guntun da za a tura WhatsApp ba. Ku rubuta sunansa da garin da ranar, sannan ku ajiye a wuri biyu, domin waya na iya faɗawa ruwa.

Ranar da naku yaran suka ce a nuna masu, kada ku ba su amsar da aka ba mu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.