FILIN HOTO: Dubi Bayan Mutum Kafin Ka Danna

A yau kowa a zango ya zama mai hoto, tun da kowace waya tana da kyamara. To amma a dubi hotunan salla da na biki da muke aika wa dangi a Kano ko Maraɗi. Ango ya sha babbar riga, ga sandar lantarki ta tsiro masa a tsakar ka. Amarya ta ci kwalliya, a bayanta kuwa bokitin wanki ne da shanya. Laifin ba na waya ba ne. Ido yakan zaɓi wanda yake so ya manta da sauran, ita kuwa kyamara ba ta da kara, duk abin da ya shigo gabanta sai ta kwashe.

A ganina babu wanda ya gane wannan kamar Seydou Keita, mutumin Bamako ta ƙasar Mali. Ya buɗe shagonsa a 1948, kuma yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana. Da yake fim na da tsada, galibi sau ɗaya yake danna wa mutum, don haka sai ya gama shiri tsaf. Abin da yake fara gyarawa shi ne baya. Yakan rataya zane ya rufe bango, na farkon ma mayafin gadonsa ne. Bayan 'yan shekaru sai ya sake wani, har ta kai da zanen yake gane lokacin da ya ɗauki hoto. Ya rasu a 2001, kuma a 2016 an baje hotunansa a zauren Grand Palais na birnin Paris.

Abin sha'awa, yakan zaunar da mace mai atamfa a gaban zanen da shi ma cike yake da ado, abin da masu koyar da hoto ke hanawa. Me ya sa nasa ya yi kyau? Domin fuska da hannuwa kaɗai ne suka rage babu zane, ido in ya gaji da yawo dole a nan zai sauka. Sai dai a tuna hotonsa baƙi da fari ne. Mai waya da ke fama da ja da kore da ruwan ɗorawa, gara ya nemi bangon da ba kome a jikinsa, ya kuma ce wa mutumin ya matso kamar taku uku daga bangon.

Sai batun haske, wanda ya fi cutar mu masu son farar shadda. Da tsakar rana kyamara takan auna hasken riga, fuska ta dawo duhu, hula ko rawani kuma ya ƙara rufe idanu da inuwa. A shiga inuwa, ko bakin ƙofar zaure, fuska na duban waje. Ko a jira la'asar sakaliya. A taɓa fuskar a gilashin waya kafin a danna, za ta auna haske daga nan.

Hoton taro shi ne ya fi wuya. Kada a jera mutane kamar sahu. A ba tsoho kujera a tsakiya, manya su tsaya bayansa, yara a ƙasa, yadda kawuna za su hau su sauka, ido ya gangaro kansa. Kada a yanke hula ko a datse ƙafa a idon sawu. In an gama na taron, don Allah a ɗauki tsohon shi kaɗai, mai hoto ya durƙusa har kyamara ta yi daidai da idonsa. Jikokin da ba su riske shi ba, wannan hoton za a nuna musu.