Filin Uwargida: Gwangwanin Kek, Na Ƙarfe Ko Na Roba?

 

Wasiƙar wannan fitowa daga Zariya take. 'Yar'uwarmu ta ce maigidanta ya ba ta ɗan jari don ta fara sana'ar kek na biki da suna. Da ta shiga kasuwa sai ta tarar da gwangwani iri biyu: na ƙarfe mai baƙin shafe wanda kek ba ya kamawa, da na roba mai laushi da ake kira silikon, mai siffar fure da zuciya. Kuɗin hannunta kuwa iri ɗaya kawai za su saya. Ta ce, "Anti, wanne zan ɗauka? Wallahi in kuɗin nan suka salwanta ban san da wane ido zan kalli maigida ba."

To ƙanwata, kwantar da hankalinki. Kafin ki dubi gwangwani, fara duba wutar da za ki yi gashi da ita, domin ita ce za ta yi miki zaɓi.

Kek dai yawanci a zafin digiri 180 ake gasa shi. Na roba, akasari masu yin sa sun ce kada ya wuce 220 ko 230, kuma bai yarda da harshen wuta ba ko kaɗan. Shi kuwa baƙin shafen nan, wanda aka fi sani da Teflon, yakan fara lalacewa ne in zafi ya haura 260. Saboda haka in kina da obin mai lamba, na gas ko na lantarki, duka biyun za su yi miki aiki.

Amma in a tukunya kike gashi, kin zuba yashi kin ɗora kan gawayi, to ba ki da ma'aunin zafi, kuma ƙasan tukunya yakan yi zafi fiye da kima. A nan ki manta da na roba, shi ma mai shafen ba ya daɗewa. Nemi farin gwangwanin alminiyum, ki shafa bota ki barbaɗa fulawa. Ya fi araha, ya fi juriya.

In obin gare ki, ga bambancinsu. Ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri, shi ya sa kek ke fitowa jawur, gefensa a tsaye. Sai dai baƙin gwangwani yana saurin ƙona ƙasa, don haka ki riƙa leƙawa kafin lokaci ya cika. Roba kuwa ba ta saurin ɗaukar zafi, gefen kek yakan fito fari-fari, ga jinkirin gasuwa. Amma wajen fitar da zane ba ta da na biyu, lanƙwasawa kawai za ki yi ya faɗo.

Ni kaina na taɓa shan kunya ranar wata jajibirin Sallah. Na cika na roba da kwaɓi na ɗaga da hannu, ya lotse, ƙwai goma sha biyu da gwangwanin madara suka tafi ƙasa, ga dangin miji suna hanya. Tun daga ranar ba na zuba kwaɓi sai na ɗora shi kan faranti na ƙarfe tukuna.

Wajen wanki kuma, kada wuƙa ko soson ƙarfe su taɓa mai shafe. In ya fara ɓarewa, ki sallame shi. Na roba yana riƙe maiƙo da ƙanshin sabulu, sai ki wanke da ruwan zafi ki ɗauraye sosai.

Shawarata gare ki, tunda sana'a za ki yi, fara da na ƙarfe. Mai sayen kek da ido yake fara ci, kuma jan kek shi ke jawo ciniki. In riba ta shigo, kya ƙara da na roba ɗaya ko biyu don ƙananan kek na zanen suna da lefe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Allah ya sa albarka a jarin, ya bar ki da maigida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku